Ƙofar da Aka Fasa wa Dada

Kwanakin baya maƙwabcinmu a nan Nukkai ya ɗauko wasu samari su fasa masa bangon gida ya buɗe shago. Da injin yanka suka zo, irin mai ihun nan da ke shiga har cikin haƙoran mutum, ɗaya yana yanka ɗaya yana latsa waya, kuma kafin in gama wanke-wanke har haske ya ratsa. Na yafa mayafi na fita, na tambaye su ko akwai wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da bangon nan yake ɗauke da shi. Suka yi dariya, suka ce in kwantar da hankalina, ai aikinsu ne. Na dawo gida raina a ɓace, abincin rana ma na kasa ci. Ba laifinsu ba ne. Ba su san cewa ni na taɓa zama a cikin ɗaki ana fasa bangonsa ba, da kankare a saman kaina, da tsohuwa mai karyayyen ƙugu a gefena.

Lokacin ina amarya a Mayo Gwoi, ko haihuwar fari ban yi ba. A wancan zamanin ba agogo ke tashin mutum ba, tabarya ce, gida yana amsa wa gida, sai kukan shanun da ake korawa bakin rafi, sai muryar matan da ke saukowa daga ƙauyuka da doya a ka. Ranar Lahadi gangar coci daga can tsallake takan haɗu da ƙarar guga a rijiyarmu, ba wanda ya damu da wani. Ni aikina shara, jan ruwa, surfe, daka, dama fura, in wuni ban zauna ba, kuma wallahi ban san sunan wannan gajiya ba sai da 'ya'yana suka girma suka faɗa mini. Garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata suka cika ko'ina suna neman ɗakin haya, kowa ya hau fasa katangarsa yana fitar da ƙofa bakin hanya. Yawancin gidajen ginin ƙasa ne, shi kuwa ginin ƙasa yana da haƙuri. A jiƙa shi, a sa diga daga ƙasa a yi sama, kafin azahar an rataya labule. Iyakar abin da mutanenmu suka sani game da fasa ƙofa ke nan.

Gidanmu ba haka yake ba. Surukina, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin shanu ya samu, sai ya gina wa matarsa ɗaki da gasasshen jan bulo, layi biyu, ya zuba kankare a sama da niyyar ɗora bene, ya rasu bai ɗora ba. Ɗakin yana can ƙurya, ya ba hanya baya, ƙofarsa kuma tana buɗewa cikin wani siririn lungu mai kwana, wanda ko tulu ka ɗauko sai ka karkace. A nan Dada take, uwar mijina. Bafulatana ce ta ainihi, doguwa, ba ta da yawan magana, kunyarta kuwa ta fi ƙarfin bayani. Mijina ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma daga bakin lungu yake durƙusawa ya gaishe ta ya wuce. Ni tsoronta nake ji, in faɗi gaskiya. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Maganar da ta fi yi mini ita ce in rage sauti, don a gidan da ta tashi ba a jin takun mace.

Cikin zafin bazara ta tashi ɗaukar buta, santsi ya kwashe ta a ɗakin, ta faɗi a kan ƙugunta. Ko uffan ba ta ce ba. Sai da na kai mata koko na tarar da ita a ƙasa, goshinta ya jiƙe sharkaf. Muka taru mu mata muka ɗora ta a gado, aka kira wata tsohuwa mai ɗori ta ɗaure ta da karare tun daga ƙugu har gwiwa, yadda zani ba ya ɗauruwa sai dai a lulluɓa. Daga ranar Dada ta kafa doka, cewa babu namijin da zai taka ɗakin nan ya gan ta a haka, ko ɗanta ko ɗan wani. Kwanaki suka yi ta tafiya, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya shiga. Wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta zo ta duba ta, ta fito ta ja mijina gefe, ta ce in ana son tsohuwar nan da rai a kai ta asibiti, kuma a miƙe sambal, kada a goya ta, kada a naɗe ta, kada a karkata ta. Muka tsaya muna kallon lungun nan mai kwana. Babu yadda za a yi mutum a kwance ya bi ta wurin.

Mijina ya ce to a fasa bangon baya, ya aika aka aro diga da babbar guduma. Har ya tara abokansa, maƙwabciyar ta ce a dai kira magini ya gani tukuna. Aka ɗauko wani dattijo daga Kona, gajere mai faɗin ƙirji, bakinsa kamar rediyo, ba ya shiga gida bai lissafa wa mutane gine-ginen da ya yi a duniya ba. Ina jin sa ta bango yana ƙwanƙwasa bulo, ya sa tsani ya hau ya yi ta dira ƙafa a kan kankaren, ya sauko yana faɗa. Ya ce bangon nan shi ke goye da rufin, duk wanda ya cire masa gindi daga ƙasa kamar ginin laka, to ya fara haƙa kabari biyu, na tsohuwa da na mai gudumar. Ya ce sai an ara wa rufin wasu ƙafafu kafin a taɓa bulo ko ɗaya, a waje da kuma a ciki. Da aka gaya masa namiji ba ya shiga ciki, ya yi ta masifa har ya ɗauki jakarsa zai tafi. Aka aike ni in roƙi Dada, ta juya fuskarta bango. A ƙarshe magini ya tsaya a tsakar gida ya ja tsaki, ya tambaya wace mace ce a gidan take da ƙarfin daka. Sai kowa ya juyo ya dube ni.

Washegari da hantsi aka fara. Ni da maƙwabciyar muka ja gadon kaɗan-kaɗan zuwa ɗaya bangon, Dada ta cusa bakin zani a baki ta cije, ni ce nake hawaye a madadinta. Ɗakin ƙarami ne, duk jan da muka yi bai nisanta ta da inda za a fasa ba. Na kwashe jeren kwanukanta, na rataya tabarmi a igiya na tsare ta daga ƙura da idon maza, maƙwabciyar ta tafi wurin aikinta, aka bar ni da ita. Sai na fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, can sama kusa da rufi, a hankali. Ba babbar guduma ba ce, ƙaramin cizal ne yake cin simintin da ke tsakanin bulo da bulo, amma kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Can sai bulo ɗaya ya motsa, aka zare shi ta waje, aka zare na bayansa, haske ya faɗo ɗakin, sai ga idon magini a ramin, da Hausar nan tasa da ba ta raba mace da namiji.

"Amarya, kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"To ka ajiye tsoro gefe. Abin da na ce shi za ka yi, ba ƙari ba ragi."

Ramuka biyu ya huda a jere, sama da inda kan ƙofar zai tsaya, ya zuro azarar giginya ta kowanne, rabi a waje rabi a ciki. Aikina in sa wa kowace azara ƙafa. Na shigo da katakan ta lungu a tsaye, ina juyi da su, na shimfiɗa falanki mai kauri a ƙasa don kada nauyi ya huda daɓe, na miƙar da katakon a kai har kansa ya shiga ƙarƙashin azarar. Ya miƙo mini zare da ƙaramin dutse a ɗaure, ya ce in sake shi a jikin katakon in ga ko ya miƙe, don ƙafar da ta karkace gara babu ita. Sannan sai weji, wasu guntayen katako masu tsini da ake bugawa a gindi har ƙafar ta ɗauki nauyi. Guduma ta ƙi zama a hannuna saboda gumi, na yar da ita na ɗauko tabarya, na durƙusa ina dukan wejin ta gefe. Shi yana waje yana buga nasa, yana ce mini in buga, in tsaya, in ƙara, don kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tashi. Da muka gama ya ce in rungumi katakon in girgiza da duk ƙarfina, in ya motsa ko kaɗan to wasa muke yi. Na rungume na girgiza, ko gezau.

Bayan azahar ya zare bulon da ke ƙarƙashin azarorin a jere, ya wuce faɗin ƙofar da fiye da kamu ta kowane gefe, don ƙarfen da zai zama linta, wato kan ƙofar, ya sami wurin zama. Ƙarfen na gindin wata tsohuwar babbar mota ne, maza suna nishi suka ɗaga shi suka tura. A daidai nan na ji wani sauti a saman kaina, ƙas, ba mai ƙarfi ba, kamar an taka busasshen kara. Yashi ya zubo mini a wuya. Na ɗaga kai na ga wata tsaga siririya ta taso daga ramin azara ta nufi rufi. Na faɗa wa magini. Ya ce in kwaɓa toka da ruwa in shafe tsagar in zuba mata ido. In tokar ta bushe ba ta rabu ba, bango ya zauna, in kuwa ta rabu, to tafiya yake yi. Ya cusa siminti mai tauri da tsakuwa tsakanin ƙarfen da bulon sama, yana dannawa da ƙotar guduma, ya ce na yau ya ƙare, ba mai taɓa abin da ke ƙasa sai simintin ya kwana ya kama.

Nan rigima ta tashi. Da la'asar zazzaɓin Dada ya hau har tana kiran sunayen shanun gidansu na da, mijina kuma yana jiyo ta ta ramukan. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya hau magini da faɗa, ya ce ƙarfe ya shiga, me kuma ake jira, so ake uwarsa ta mutu ana gadin siminti? Magini, da yake bai iya tauna magana ba, ya ce gara ta mutu da zazzaɓin Allah da ta mutu da hannunsa. Ai kuwa kamar ya watsa fetur a wuta. Na ji an ja babbar guduma a ƙasa, na ji maza suna riƙe mijina yana fizgewa, sai dum, bugu ɗaya a gindin bangon. Ɗakin duka ya amsa, kwanukan da na tara a kusurwa suka yi ƙara, ƙura ta sauko. Ni dai na tsinci kaina a kife a kan Dada, ban san lokacin da na keta tabarmin ba. Sai na ji muryarta a kunnena, sarai, kamar ba ita ce ke sambatu yanzu ba.

"Ɓingel am, 'yata, ce wa wancan ya ajiye abin nan. Ce masa ban haifi mahaukaci ba."

Na je ƙarƙashin ramin na faɗa da ƙarfi yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ko a ɗaki ba balle a gaban abokansa. Na ji gudumar ta faɗi, na ji wani yana kuka ƙasa-ƙasa, na san ko wane ne, na yi kamar ban ji ba. Na duba tokar, ba ta rabu ba. Haka muka kwana, ina jiƙa tsumma ina shafa mata, ina duban toka. Yaran yanzu in ka ce su jira abu ya kwana, gani suke ka zalunce su. Komai nasu na nan take ne, shayi, saƙo, aure, har gini. Ni a wannan jiran na koyi cewa akwai lokacin da babban aikin da za ka yi wa wanda kake so shi ne ka zauna a kan hannunka, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba.

Da gari ya waye magini ya zo ya karci simintin da ƙusa, ya gyaɗa kai, ya kama waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, ya fara zare bulo daga sama yana yin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓarar masara. Haske yana ƙaruwa, hayaniya tana shigowa, don unguwa duka ta taru kallo. Na goge wa Dada jiki, na naɗe ta da zannuwa har wuya, na ɗaura mata ɗankwali, sannan ta yarda a janye tabarmin, maza su shigo. Magini ya leƙo, ya ga gadon, ya dubi katakan nan biyu da na kafa, ya dafe kai. Gadon ƙarfe ne mai faɗi, tsakanin katakan kuwa bai kai faɗinsa ba. Ya auna ƙofa bai auna gado ba, don bai taɓa ganinsa ba, ni kuma ba wanda ya tambaye ni. Nan take ya ce laifinmu ne da muka hana shi shiga. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a cire katako ɗaya mana, ai ga ƙarfe nan. Magini ya ce simintin jiya jariri ne, kuma bayan dukan da bangon ya sha shi ba zai rantse da komai ba, duk mai son cirewa ya bari shi ya isa Kona tukuna.

Aka ciro ƙyauren kicin, shi siriri ne, aka gwada, ya wuce tsakanin katakan da ƙyar, ko yatsa ba ya shiga ta gefe. Da Dada ta gan shi ta ce ita ba gawa ba ce da za a ɗauke ta a kan katako. Maƙwabciyar ta yi ta lallashinta, muka zame ta da shimfiɗarta a hankali muka ɗora. Mijina da wani abokinsa suka shigo kansu a ƙasa, shi ya kama wajen ƙafa, abokin ya kama wajen kai. Magini ya ce in rungume katakon da ke ɓangaren tsagar, kada in bari ya motsa, in kuma sa ido a sama.

Suka ɗaga. Su ɗan matsa su tsaya, su ɗan matsa su tsaya, ba mai numfashin kirki. Ƙafafunta suka fita, gwiwa ta fita, ƙugu ya fita. Sai gefen ƙyauren ya goge katakon, na ji shi ya yi rawa a ƙirjina, kuma a wannan gugar ɗankwalinta ya maƙale a wata ƙusa ya zame. Furfurarta ta bayyana, ga maza cike da hanya. Sai ta fito da hannu daga cikin zani ta damƙe gefen bangon da aka fasa.

"Ku tsaya. Ba na fita haka."

Suka tsaya cak, ƙirjinta a daidai ƙarƙashin ƙarfen. Na ɗaga ido. Tokar ta rabu. Ba da yawa ba, kamar silin gashi, amma ta rabu, kuma yashi yana zubowa siri-siri a kan zanen da na lulluɓe ta da shi. Ɗankwalin ya faɗi can ƙarƙashin ƙyauren, inda ba zan kai ba sai na saki katakon. Mijina ba zai iya yi mata musu ba ko sama za ta faɗo. Ban san daga ina abin ya zo mini ba. Na fizge ɗankwalin kaina da hannu ɗaya na jefa mata a ka, na daka wa uwar mijina tsawa a gaban unguwa duka.

"Dada, saki bangon nan! Saki na ce! Ku kuma ku wuce da ita!"

Ta saki. Suka wuce. Ni kuwa na ci gaba da rungumar katakon, ana ta kira na in fito, sai da magini ya shigo ya ɓamɓare hannuwana ya tura ni waje. Bangon bai faɗi ba. Magini ya ƙara masa wasu katakan, ya hana kowa kusantarsa har simintin ya yi ƙwari, kuma daga baya in yana ba da labari, wani lokaci ya ce yaɓe ne kawai ya tsage, wani lokaci ya ce saura ƙiris a yi jana'izar mutum huɗu. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, amma ko yau aka sake, zan sake yin tsawar nan.

A bayan a-kori-kurar da za ta kai ta asibiti na zauna kusa da kanta, kaina a buɗe, kitsona ya yi fari fat da ƙura, na kasa dubanta, ina jiran hukunci. Mota ta tashi a hankali. Sai na ji hannunta yana lalube, ta jawo gefen zanen da ke kafaɗarta ta ɗora mini a ka.

Ta daɗe a asibiti, ta dawo da sanda, ta ƙara shekaru tana shiga da fita ta wannan ƙofar. Ba ta taɓa ce mini sannu a kan ranar ba. In baƙi suka zo sai ta nuna ni da haɓa, ta ce wannan da kuke gani shiru-shiru, tsawa take yi wa manya. Ranar da ta cika, 'ya'yanta mata suka zo daga garuruwan aurensu, suka ɗaura zani za su yi mata wanka, ni ina can bakin murhu ina dafa ruwa. Sai babbarsu ta zo ta tsaya a kaina, idonta ya yi ja, ta ce Dada ta bar magana, ba wanda zai taɓa jikinta sai ni. Ta miƙo mini ƙwaryar wankan. Na karɓa, na shiga.